Gwaggo Tabita da Sulhun Ranar Sabulu

Duk wanda ya zauna unguwar Yantala ya sani, in Gwaggo Tabita ta yi maka sallama da tattausar murya, to gobe akwai dahuwar sabulu. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata a Dogondutsi, kuma ban taɓa ganin mafaɗaciya irinta ba. Sai dai ta yi imani cewa sabulu ba ya kamawa a hannun mai riƙo. Ruwan tokar karan gero ya yi kaifi yadda ya ga dama, man gyaɗa ya fi na kowa kyau, in dai kana gaba da wani, tsinkewa zai yi.

Shi ya sa jajibirin kowace dahuwa take ɗaura kallabi ta bi gida gida. Na taɓa raka ta wurin Malam Sani direba, mai ajiye mota a bakin ƙofarmu.

"Malam Sani, ran Talata na ce maka jaki. Ka yahe mini."

"Haba Tanti, ai ya wuce."

"Madalla. Amma ka ɗauke motar nan kahin jibi, don jibi na gama."

Jibin kuwa, sabulu na daskarewa ta leƙo ta katanga ta ɗora daga inda ta tsaya!

Wata Lahadi Pasto ya kawo ta misali cikin wa'azi, wai a dubi yadda Mama Tabita ke neman gafarar maƙwabta. Daga bencin mata ta ɗaga hannu. "Pasto, kada a yi ƙarya a ɗakin Ubangiji. Ni dai ban son asarar mai ne." Har mai kaɗa ganga sai da ya riƙe ciki.

Babban rikici ya zo lokacin da cikina na fari ya tsufa. Gwaggo ta riga ta yi alkawari cewa da sabulunta za a fara wanke jaririn, kamar yadda ta wanke ni. Ana nan sai ta hango Hajiya Rabi mai atamfa, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tana cuɗa ragon layya da curin sabulun da Gwaggo ta ba ta kyauta. Rago! Daga ranar ko gaisuwa babu.

Ta zagaye unguwa neman gafara, ta tsallake ƙofar Hajiya. "Wagga ba gaba ba ce," in ji ta, "gaskiya ce." Ta ɗora tukunya, ta juya har damtsenta ya sage, mai ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa. Ta ce itacen ne ɗanye. Ta sake ɗorawa, ya sake tsinkewa. Saura man dahuwa ɗaya, ni kuma ƙafafuna sun kumbura, ungozoma ta ce ko yau ko gobe. Na zauna bakin murhu na yi kuka, don da gaske nake son sabulun nan.

Gwaggo ta dube ni, ta yi tsaki, ta jawo kallabi. Na bi ta ina jan ciki.

"Hajiya, na zo."

"Kin zo mi?"

"Kin sani."

"Ban sani ba, faɗi."

Gwaggo ta dubi sama, ta dubi ƙasa. "Ki yahe mini."

Hajiya ta ƙyalƙyale da dariya. "Tabita, sai da na gwada sabulun sayarwa na butik, ragon bai hita ba. Naki ne ya hidda shi fari tas, mutane na tsayawa kallo."

"Fari tas?"

"Wallahi."

"To mi ya hana ki faɗi tun can, 'yar banza?"

Washegari Hajiya na iza wuta, Gwaggo na juyi. Can muka ga ya haɗe, ya yi kauri, yana bin muciya kamar tuwo. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da sai da Malam Sani ya fito ba takalmi! Ta ɗaga muciya sama ta zagaye tsakar gida da rawa, da tsufanta da komai.

Da shi aka wanke ɗiyata, Gwaggo na riƙe da ita, Hajiya na zuba ruwa. A nan na ji Gwaggo tana ce mata, "Ki bari a gama suna, sai mu ci gaba."

Ba su ci gaba ba. Suna bai daɗe da wucewa ba Gwaggo ta kwanta barci, ba ta tashi ba. A zaman makoki Hajiya ta kama hannuna tana hawaye, ta ce, "Ɗiyata, ina ta jiran ta leƙo ta katanga."

Ubangiji, ka karɓi Gwaggo Tabita. Ta tafi ba ta riƙe da kowa, kada ka riƙe ta da komai. Amin.