Zinarin Malam Nasiru da Turaren Wutana

Har yau ban yafe wa zinari ba. Shi ya raba ni da turaren wuta a ɗakin gwaje-gwajen kwalejinmu ta Birnin Kudu, inda nake kula da kayan aiki. Ni 'yar garin Basirka ce, sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ba a rufe mini baki da dogon Turanci.

Malam Nasiru, malamin kimiyya, yana karatun digiri na biyu. Yakan narkar da wani gari dangin kafur a kwalba, ya bar shi makonni har ya fito da 'yan ƙwayoyi masu sheƙi kamar gishiri. Sai ya kai su jami'a a Kano, a sa a na'ura, tururin zinari ya sauka a kansu siriri, bawon albasa ma ya fi shi kauri.

Wata Litinin ya dawo fuska ba walwala.

"Inna Hajara, zinarin bai kwanta ba, dunƙulewa ya yi. Malamina ya ce sau ɗaya ya rage mini a na'urar. In ya sake lalacewa, sai baɗi."

"To ni na dunƙule shi?"

"Hayaƙin turarenki ne, Inna. Maiƙo yake bari a kan ƙwayoyin."

"Turaren da nake haɗawa da hannuna? Kafin in zo, ɗakin nan ko akuya ba ta yarda ta kwana."

Bai yi musu ba. Ya ce zinarin kamar raɓa yake sauka, ɗigo-ɗigo, sannan ɗigon su haɗe su zama shimfiɗa. Ya shafa wa faranti man gyaɗa, ya yayyafa ruwa, ruwan ya tsaya gudaji-gudaji. Na ce to, zinari dai ya cika tsirfa, amma na ji.

A wannan aikin na gane malaman kimiyya suna ganin dattin da ido ba ya gani, sai dai ba sa jin ƙanshin rigarsu.

Washegari na kafa kujera a bakin ƙofa, duk mai shiga sai na shinshina shi, in yana ƙanshi ya koma. Na mayar da ɗalibai, na mayar da shugaban sashe. Can sai ga Malam Nasiru, babbar riga tana tashin turaren Makka.

"Inna, ni ne fa."

"Na gan ka. Je ka sake riga, akwai aikin wani yaro mai neman digiri na biyu a ɗakin nan."