Ranar da aka miƙa mata allon wani

Edita, ina gaisuwa. Ni tsohuwa ce yanzu, amma a lokacin da zan ba da labari ban fi shekara goma sha takwas ba. Turawa ba su daɗe da zuwa Gumel ba, kuɗin wuri ma bai gama ɓacewa a kasuwa ba. Mahaifina malamin allo ne a Ɗanzomo, mijina kuma ɗalibinsa ne, saboda haka ko da aka yi mini aure ban bar unguwar ba. Na sauke Alƙur'ani da wuri, kuma gaskiya kaina ya kumbura, har tafiyata sai da ta canza. Malam, wato mahaifin nawa, ya ga haka, ya danƙa mini ƙananan yara, waɗanda aka kawo sababbi, wai ko za su sauke mini girman kai.

Su goma sha ɗaya ne, 'yan shekara biyar zuwa shida, muna zama gindin tsamiya a tsakar gida. Watan farko ba karatu na koyar ba, zama na koyar. Wannan ya tsere bin awaki, wancan ya yi barci kan allonsa, wata ta lashe tawadar tun ba ta bushe ba. Da ƙyar na saba musu da tsari: a zo da hantsi, a share wuri, kowa ya ɗauko allonsa daga jikin danga, a gaishe ni, a zauna. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ina nuna baƙi ina faɗin sunansa, yaro yana maimaitawa. Ƙa'idar gidanmu ita ce ba a wanke allo a rubuta sabon karatu sai yaro ya nuna kowane baƙi da kansa, ko ta ina aka tambaye shi.

Cikinsu akwai 'yar maƙerin unguwarmu, 'yar siririya mai kunne kamar me. Sau ɗaya za ta ji abu ta riƙe. Kafin in gama biya wa na kusa da ita, ta riga ta haddace nasa da nata. Ubanta bai so kawo ta ba tun farko, uwarta ce ta matsa. Ya ce idan karatun bai shige ta ba, ta koma taya uwarta dakan fura. Ni kuwa da na ji yadda take rera karatu, sai na ajiye tsinke. Na ce wannan ba ta bukatar wahalar babbaƙu da farfaru, wato koyon haruffa da wasulansu. Kwana biyu uku sai in wanke mata allo in rubuta na gaba. Mata suna cewa 'yar Malam tana da hannu, ni kuma daɗi yana kashe ni. Can cikin raina na san ban taɓa gwada ta ba, kuma na san tsoro ne ya hana ni.

Kafin damina ta faɗi ta kai Sabbi, inda ake yi wa yaro sadaka. Uwarta ta toya waina, ubanta ya yanka kaza, ya sa rigarsa ta zuwa kasuwar Maigatari ya zo zaurenmu da maƙwabta. Ina leƙe ta bayan asabari. Malam ya miƙa hannu cikin alluna ya zaro ɗaya ya ba ta, ashe na wani yaro ne, mai wata sura daban. Yarinya ta karɓa, ta ɗora yatsa, ta rero Sabbi tun daga farko har ƙarshe, yatsan yana bin rubutun da ba shi take karantawa ba. Maƙeri bai san baƙi ba, sai murmushi yake yi, mutane suna sa albarka. Malam ya dubi allon, ya dubi asabarin da nake bayansa, ya shafa fatiha aka watse. Wainar nan ko ɗaya ban ci ba.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai ba yarinyar ce ta yi ƙarya ba, kuma mutumin da ya yanka kazarsa yana da haƙƙin sanin abin da ya yanka wa. Na roƙe shi a gyara a ɓoye, tunda ba wanda ya gane. Ya ce shi ya gane, ni ma na gane. Washegari na yafa mayafi na tafi gidan, na sa uwar ta kira mijinta daga maƙera, na durƙusa na faɗi komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da na gama, sai ya ce, "'Yar Malam, in na sayar wa mutum fartanya ta karye a gona, sabuwa nake ƙera masa. Na ba ki zuwa kaka. In ba ta iya ba, fura na jiranta."

Wuyar ba a nan take ba. Mayar da yarinyar da aka yi wa sadaka zuwa baƙin farko, cikin waɗanda ta wuce, shi ne tashin hankali. Yara suka sa ta gaba da tsokana. Ta yi kuka, ta jefar da allo, kwana uku ba ta zo ba sai da na je na goyo ta. Na tara yaran na gaya musu laifina ne ba nata ba, duk wanda ya sake yi mata dariya kuwa zai gamu da ni, sun kuwa san halina. Da yake kunnenta ne ke cutar ta, sai na daina biya mata. Nakan zana baƙi a rairayi in yi shiru, sai ta faɗa. Nakan fara daga ƙarshen layi, ko in tsallaka tsakiya. Muka murza yumɓu muka yi haruffa, muka shanya su kan turmi. Sauran yara suka ga abin wasa ne suka shigo, har mai lashe tawada ta natsu.

Da aka yanke gero, maƙeri ya zo zaure, wannan karon sanye da kayan aikinsa, ba kaza ba waina. Malam ya sake zaro allo daga na manya, mai surar da ba ta taɓa ji ba. Ta karɓa, ta ƙura masa ido, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan ba allona ba ne." Ya ce ya sani, ta karanta hakanan. Ta ɗora yatsa ta fara haɗa baƙi, a hankali, tana tuntuɓe tana komawa, ba rerawa ba daɗin murya. Layi biyu kacal ta yi, sun ɗauke ta lokacin da a da za ta rera sura uku. A bayan asabari na zauna na yi kuka, don ban taɓa jin karatu mai daɗin wannan ba.

Daga baya aure ya kai ta Gagarawa, ta tara yara a gidanta, har jikokina biyu a hannunta suka koyi baƙi. An ce tsinke ba ya barin hannunta. Na koyar da yara da yawa, amma da ita nake alfahari, kuma ba na ɓoye cewa saura kaɗan in cuce ta saboda son yabo. Ku masu riƙe da 'yan ajin farko, na allo da na boko, ku ji tsoron yaro mai saurin hadda fiye da mai nauyin kai, don mai nauyin kai kowa yana ganin matsalarsa. Kada daɗin murya ya ruɗe ku. Lokaci-lokaci ku miƙa masa allon wani, ku yi shiru ku gani.