Dinozor Mai Tozo

Duk wanda ya san Jima a Gidan Sharifu, da dutse ya san ta. Tana budurwa aka kawo aikin raya ƙasa a kewayen Keita, a shekarun da fari ya kori maza zuwa cirani, gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai yara. Matan ne suka hau tuddai suna ɗebo duwatsu a ka, suna jera su layi-layi a kan fako, don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya tafi. Da aikin ya ƙare, sa'o'inta suka ajiye gammo. Ita ba ta ajiye ba. Gonar mijinta ta jere, ta jere ta maƙwabta, kuma har yau da ta haura sittin ba ta iya wuce dutse a hanya ba tare da ta juya shi da ƙafa ta ga ta wane gefe zai zauna ba. Wuyanta ya ɗan nutse cikin kafaɗu. A tsakiyar kanta, inda gammo ya zauna, gashi bai sake fitowa ba.

Cikin 'ya'yan da ta haifa ta binne uku. Biyu sun tafi suna goye. Na ukun, Yaro, ya kai shekara tara kafin amosanin jini ya ɗauke shi. Ba ta cika maganarsa ba. Abin da ya tsaya mata a rai ma ba ranar rasuwar ba ce. Ranar da ya juya fuskarsa bango ce, yaron da bakinsa ba ya hutawa da tambaya, ya daina tambayar kome. Daga ranar ba a daɗe ba.

Mardiya jikarta ce, ɗiyar ɗanta Sule da ke aikin gadi a Yamai. An kawo ta yaye wurin kaka, ta zauna ke nan. Sunan mahaifiyar Jima aka sa mata, don haka Jima ba ta kiran sunan, Uwata take ce mata. Ita ma da ciwon aka haife ta. Bara ya ci mata ƙashin ƙugu, aka kwantar da ita a Tawa, ta dawo da sanduna biyu na dogarawa da gargaɗin likita: ta riƙa tashi kullum, ko kaɗan ne, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ta ja sauran jikin. Sau ɗaya ta fita da sandunan. Wani yaro ya kwaikwayi tafiyarta a bakin rijiya, aka yi dariya. Tun daga nan sandunan suke jingine a bayan ƙofa.

Lakwal, makarantarsu ta boko, kuwa tana hayin ƙorama, ba zancen zuwa. Sai malamarsu, Madam Nasiba, ta ɗauki zuwa gidan duk Laraba da yamma, da wani babban littafi mai hotuna. A ƙofar ɗaki take shimfiɗa tabarma, Mardiya na kwance daga ciki, Jima na gefe tana tsinkar yakuwa, tana yi kamar ba ta saurare.

A nan Jima ta ji labarin mutanen Masar na dā, waɗanda suka tara wa sarakunansu kaburbura na dutse masu tsini, da kuma mutanen da suka zana raƙuman dawa a jikin duwatsun Ayar, can ƙasar Agadas, tun hamada tana da ciyawa da tafkuna. Da aka nuna mata hoton kaburburan ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi su wa suka ɗebo duwatsun, kuma an ba su gammo ko a'a. Madam ta ce littafin bai faɗa ba. Jima ta ce ai dama, mai littafi ba ya tambayar wuyan kowa.

Ranar da aka zo kan dinozor, Mardiya ta tashi zaune. Madam ta ce dabbobi ne da suka rayu suka ƙare tun ba a yi mutum a bayan ƙasa ba, kuma a ƙasarmu ma an tono ƙasusuwansu a wajen Agadas. Yarinyar ta jero tambayoyi har aka kira magariba. Sule, da ya ji labari, ya je gidan tarihi na Yamai ranar hutunsa ya ɗauko hoton ƙasusuwan wani mai dogon wuya, ya aiko ta salular maƙwabci, da saƙon murya cewa ya fi kamyo, babbar motar ɗaukar albasa, tsawo.

Mardiya ta kalli hoton, ta ɗora tafin hannunta a kai, ya rufe shi duka. Ta ce ita ba ta ga girma ba. Ta tambayi ko za a kai ta Yamai ta gani da idonta. Jima ta san ƙugun nan ba zai ɗauki wuni guda a mota ba, kuma ba ta saba yi wa yaro ƙarya ba. Ta ce sai ta ji sauƙi. Mardiya ba ta yi kuka ba. Ta kwanta, ta juya fuskarta bango. Laraba ta zagayo, Madam ta buɗe littafi, yarinyar ba ta waiwayo ba.

Jima ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wannan ƙaramin bayan. Ta taɓa ganin irinsa.

Ranar kasuwar Keita ta naɗe igiyar guga a ƙugu ta tafi tasha. Ta sami kamyon albasa mafi tsawo, ta durƙusa ta shiga aunawa daga hanci zuwa gindi. Direban ya sauko yana dariya.

"Inna, saye za ki yi?"

"In ya yi mini daidai," in ji ta, ta ƙulla igiyar a inda motar ta ƙare.

A bayan gidanta akwai fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe, wadda ko ƙaya ba ta yarda ta tsiro a kai. Nan ta shimfiɗa igiyar, ta ƙara kaɗan tunda Sule ya ce ya fi kamyo, ta sa bakin wutsiya daidai ƙofar baya ta shinge, kan kuwa can nesa gindin wata aduwa. Sannan ta ɗauki kwano da gammo ta hau tudu. Kullum da sanyin safiya sai ta ɗebo, ta jera. Ta riga ta kalli hoton da kyau: ƙafa huɗu, dogon wuya, ƙaramin kai. Ƙashi ne kawai, nama ya tafi. Ta yi tunani ta ga cewa dabba mai irin wannan wuya, wadda kuma ta zauna a ƙasar Agadas, ba yadda za a yi ta rayu ba tozo. Tozo kuma kitse ne, ba ya barin ƙashi. Sai ta yi masa tozo, babba, mai kyau, a tsakiyar baya.

Tsoho ladan ne ya fara tsayawa a kai. Jima ta ɗan ji tsoro kada ya ce siffa ce, haramun. Ya zagaya abin da hannu a baya, ya ce abin da awaki ke tsallakewa suna yi wa kashi ba zai zama gunkin kowa ba, sai dai yana son ya san raƙumin wa ya mutu a nan. Kafin azahar gari ya ɗauka. Mata masu dawowa daga rijiya suna wucewa ta bayan shinge suna dariyar raƙumin Jima.

Da Jima ta shigo da fura, ta tarar an juyo daga bango.

"Kaka, wane raƙumi?"

Jima ta ce ba raƙumi ba ne, dinozor ne, da girmansa na gaskiya, yana nan kwance a bayan gida. Mutanen gari ne jahilai, don sun ga tozo.

"Tozo? Dinozor ba shi da tozo."

"Kin gane shi da idonki, Uwata?"

"Littafi ya nuna."

"Mai littafin ya gane shi?"

Mardiya ta ce a ɗauke ta a kai ta ta gani. Jima ta ce bayanta ya mutu da ɗaukar dutse, ko ɗan akuya ba ta iya goyawa yanzu. Rabin maganar gaskiya ne. Ba ta kalli sandunan ba, ba ta ambace su ba, ta ajiye furar ta fita. Ranar ba abin da ya faru. Washegari tana ɗaura gammo ta faɗa, kamar da kanta take magana, cewa yau kunnuwa za ta yi masa, irin na jaki, don ya riƙa jin ana zuwa.

Tana cikin jera dutse ta ji ƙarar itace a kan ƙasa mai tauri, ɗaya, sannan ɗaya, da jan numfashi a tsakani. Ba ta ɗaga kai ba. Sai da ƙarar ta tsaya ta waiwaya. Mardiya na tsaye a bakin wutsiya, gumi na zuba a goshinta, tana bin layin duwatsu da ido har can gindin aduwa.

"Duka wanga dabba guda ta?" ta tambaya a hankali.

"Guda."

Sai ta ga tozon, fuskarta ta canza. Ta ce a cire shi yanzu. Jima ta ce idonta ya tsufa, ba ta gane wane dutse ne na tozo wane ne na baya, sai an zo an nuna mata da bakin sanda.

Tozon yana tsakiya, tsakiya kuwa da nisa. Ranar farko wutsiya kawai aka gyara, wadda Mardiya ta ce ta yi kauri kamar ta tunkiya. Bayan kwanaki aka kai ƙafafun baya. Jima ta ajiye wani faffaɗan dutse a kowane zango don a zauna a huta. Yaran unguwa suka fara taruwa suna kallo, har da mai kwaikwayon nan. Ba wanda ya yi dariya, don mai sanduna ita ce ke ba da umarni, ita kaɗai ta san yadda abin yake, kuma ba ta da haƙuri da wanda ya sa dutse a karkace.

Ba kullum aka ci gaba ba. Ana dab da kaiwa tozo ciwon ya tashi, aka kwana biyu a gidan likita ana ƙarin ruwa, aka dawo da ita ba ta iya ko zama. Jima ta ci gaba da fita da kwanonta duk safiya, ta dawo ta ba da labarin ɓarnar da ta yi: yau ta ƙara masa ƙafa ta biyar don kada ya gaji, gobe ƙaho. Daga kan gado ake yi mata faɗa. Da Mardiya ta miƙe, daga wutsiya ta sake farawa.

Wata Laraba Jima na bayan rumbu ta ji yarinyar tana gaya wa Madam a asirce cewa ta sani, da gangan Kaka take ɓata shi. "Amma kada ki hwaɗa mata na gane. Kunya za ta ji." Jima ta tsaya a inda take har idonta ya bushe, sannan ta fito tana faɗan kaji.

An cire tozon ana tsakiyar bazara, dutse bayan dutse, kowanne sai da bakin sanda ya taɓa shi. Saura dogon wuyan nan.

A wani kwano cikin ɗakinta Jima tana da wani ɗan dutse fari, kamar curin daddawa, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Irinsu suna da yawa a farin tudun da ke gabas da gari. Madam ta gan shi ta ce ba dutse ba ne tun asali, wata halittar teku ce ta zama dutse, domin a wani zamani mai nisa ƙasar nan tasu ta Adar ruwa ce. Jima ta ce in haka ne ruwan ya yi mana rowa da ya tafi duka. Ta ce wannan shi ne idon dinozor, kuma ba mai sa shi sai wanda ya kai wurin kan da ƙafarsa. Mardiya ta juya shi a hannu, ta ga ya yi sulɓi kamar an daɗe ana riƙe shi, ta tambayi na wane ne.

"Na baffanki Yaro na. Shi ya tsinto shi."

Yarinyar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo shi. Duwatsun suka yi aikin da aka san su da shi, suka tare ruwa, suka tare ƙasar da iska ta tara a gindinsu duk rani, da ƙaiƙayi da kashin awaki. Da ƙasa ta sha iska Mardiya ta fito da safe. Ta wuce wutsiya ba ta zauna ba. Ta wuce ƙafafu. A gindin wuya ta huta, ta tashi, Jima na biye da ita a baya, hannuwanta a naɗe cikin zane don kada su miƙa da kansu. A gindin aduwa yarinyar ta jingina sanda ɗaya, ta sunkuya a hankali, ta ajiye farin dutsen a inda ido ya kamata ya zauna.

Sannan ta juya ta dubi inda ta fito. A kan fakon da bai taɓa tsirar da kome ba, siririyar ciyawa ta bi layin duwatsu tun daga kai har ƙofar shinge, kore shar. A tsakiyar baya kuma, inda aka kwashe duwatsu amma ƙasar da suka tara ta zauna, ciyawar ta yi wani lanƙwasa mai kyau.

"Kaka, tozon ya dawo."

"Ai na hwaɗa miki, Uwata."

Mardiya ta yi tsaki irin na manya. Ta ɗauki sandarta, ta gyara ta a hammata, ta kama hanyar tsakiya don ta je ta tuge shi.