Ɗaurin Goyo a Wadi Degla

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Ard al-Liwa a ƙasar Misirawa, mu uku: ni, da ƙawata 'yar Katsina da muke ɗaki ɗaya, da wata yayarmu 'yar Maraɗi, uwar 'ya'ya huɗu. Ni na matsa a yi tafiyar. Na ji an ce a duwatsun kwarin Wadi Degla, can bayan Ma'adi, ana ganin ɓawon katantanwar teku a jikin dutse, tun zamanin da ruwa ya rufe wurin. Teku a tsakiyar hamada! Mako guda ban bar su sun huta ba.

Farkon Maris ne, sanyi na shirin bankwana. A bakin tashar jirgin metro muka sayi ɗa'amiyya, wadda 'yar Katsina ke cewa ƙosai ne da ya yi karatu a waje. Mai tasin da ya ƙarasa da mu ya dubi takalmanmu na zuwa lacca, ya ce an yi ruwa shekaranjiya, mu yi hattara. Muka ce masa tamam, wato to. A zuci dariya muke, don abin da Misirawa ke kira ruwan sama, a garinmu ko shanya ba a kwashe masa.

Kwarin shiru yake, farin dutse hagu da dama, ga 'yan ciyayi sun fara leƙowa. Muka kama wata siririyar hanya da ta hau tudu. Ruwa ya zaizaye gefenta, wani wurin faɗinta bai wuce na dardumar sallah ba. 'Yar Katsina, mai tsoron bisa, ta tsaya ta ce mu koma. Na nuna mata ƙasar, na ce ai ta daddare kamar fadama da rani. A gida, ƙasa in ta daddare ta bushe ke nan. Ban san ta nan ɓawo kawai take yi a sama ba, cikinta taɓo ne mai santsin sabulu.

Taku uku ƙawata ta yi, ɓawon ya fashe.

Ta sulale ta gefe, ta tsaya a kan wani ɗan dutse da ya turo, kamar tsayin mutum biyu ƙasa da mu. Ƙarƙashinsa rami ne. Doguwar rigarta ta sha taɓo tana janta, takalmi ɗaya ya riga ta tafiya. Na daɗe kafin na ji faɗuwarsa. Waya babu sabis, babu kowa a kusa.

"Yaya, ƙafata ba ta tsayuwa," ta ce a hankali.

"Kada ki dubi ƙasa, ƙanwata, ni za ki duba," in ji Yaya. Ta juyo gare ni. "Ke kuma mai katantanwa, kukan ya isa. Ciro mayafinki."

Ta haɗa nawa da nata da zanen da ta kawo don sallah, ta ƙulla su da irin ɗaurin da ake wa majanyi. Ta ce ɗaurin nan ya riƙe mata yara huɗu, bai taɓa kwancewa ba. Ta zura wa 'yar Katsina baki ɗaya, ta sa ta zagaya shi ƙarƙashin hammata, ta ɗaure a ƙirji kamar mai goyo. Muka cire takalma, muka zauna, muka tokare da dutse, muka fara ja. Ina jin zaren mayafina yana ƙara, ina salati. Sau biyu tana zamewa. A na uku hannunta ya kama ƙafata.

Da rarrafe muka sauko. A metro mata suna ta kallonmu, wata tsohuwa ta miƙo mana ƙyalle tana cewa ma'alish, wato sannu. Har muka isa gida da la'asar ban iya haɗa ido da ƙawata ba.

Na koyi cewa kowace ƙasa da halinta, kuma ɗan gari in ya ce hattara, ba a auna maganarsa da damunar wani gari.

Ina wanke mata riga na roƙe ta gafara, na ce ko katantanwar ma ba mu gani ba.

"Ni na gan ta," ta ce. "Daidai hancina take, a jikin dutsen da na rungume. Fara, mai kyau."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na san ki. Da kin saki mayafin kin sauko kallo."