Malama Bahijja, Wadda Ta Sa Muka Ɓata Aiki Da Gangan

Takalma na fara gani. Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban, na sauka daga mashin a ƙofar gidanku a Karaye, littafina a jaka, na zo ki duba mini aikina kamar kowane mako. Sai na tarar da takalman mata jibge har bakin zaure. Na leƙa ɗakin karatunmu, na ga an lulluɓe kwamfutocin nan uku da zani, an shimfiɗa tabarmi. Ban tambayi kowa ba. Na zauna a ƙasa ina innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga baya mahaifiyarki ta ce zazzaɓi ne na kwana huɗu, bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Malama Bahijja, ni Maijidda ta Yammedi iyakar karatuna aji uku na sakandare, kuma na girme ki da shekara goma sha ɗaya. Da na ji kina koya wa mata rubuta manhaja, wato jera wa kwamfuta umarni layi-layi har ta yi aiki, na zo da damuwata. Mu ashirin da uku ne a ƙungiyarmu ta masu ƙuli, injin matsar gyaɗa ɗaya, kullum rigima a kan ranar wa ce. Na ce ki yi mana abin da zai raba mana ranaku. Kika ce, "Yaya Maijidda, ke za ki yi shi. Ni zama kawai zan yi kusa da ke."

Ba manhajar kika sa na fara ba. Mako biyu ina sa kwamfuta ta rubuta sunana, sannan sunaye uku a jere. Na ƙosa, kika ce wanda ya fara da babban abu ba ya sanin inda ya ɓace.

Mu tara ne a ajin, kusan dukanmu mun yi makarantar allo, don haka abin da muka iya muka yi. Duk abin da kika rubuta sai mu haddace, mu biya wa juna a hanya, mu zo mu zuba shi daidai. Kin ɗauka mun gane. Ran nan kika sauya tambaya kaɗan, ajin ya yi tsit. Kika yi dariya har da riƙe baki, sannan kika ce, "Alƙur'ani ake haddacewa ba a taɓa ko wasali. Wannan aikin ɗan Adam ne. Kowa ta goge layi ɗaya ta ga abin da zai faru."

Na zaɓi layi ɗaya. Na goge, jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, na ja kujera baya don na zaci na lalata miki kaya. Kika riƙe kafaɗata kika ce ba faɗa take yi ba, inda ta tsaya take gaya mini, in karanta a hankali. Ranar na fara gane me kowane layi yake yi.

Ba ki taɓa karɓe madannan kwamfuta daga hannun ɗaliba ba. Sai dai ki ce, "Faɗa mini da Hausa me kike so ta yi." Sau da yawa kafin mu gama bayani mun ga kuskurenmu.

Manhajata ta fara raba ranaku, amma a cikin matan ƙungiyarmu tana ba Kande sau biyu a mako, tana tsallake Rumasa'u. Na roƙe ki ki gyara, kika ce kin ga wurin, amma in ƙara mako ɗaya ina nema. Na ji haushi ranar. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koya mana ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da mijinki Malam Lukumanu, da 'yarki Ummu Habiba. Allah ya ba su haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Malam Lukumanu ya ce ɗakin a buɗe yake gare mu bayan sadakar bakwai. An kusa fara matsar bana, matan ƙungiya suna jira na, kuma har yanzu ban gano layin da yake tsallake Rumasa'u ba.