Surukata a Cikin Kwata

Jama'a, yau surukata ta yi abin da ya gagari mazan layinmu!

Kun san kwatar nan ta bakin masallacinmu a Tudun Wada, wadda ta toshe tun bara? Kullum a majalisa sai mun ce wallahi ya kamata a yashe ta kafin damina. Kowa ya gyaɗa kai, a sha shayi, a watse.

Ɗazu bayan La'asar muna zaune, sai ga Inna, mahaifiyar matata, da shebur a kafaɗa. Tsohuwa fa, mai ciwon gwiwa! Ta yi mana sallama, ta cire takalmi, ta zura ƙafa cikin kwatar.

Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita, ban san lokacin da na faɗa ciki ba. Da farar shaddata!

Malam Sani tela ya ce, "Haba Inna, ai muna da niyya!"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Bara ma kuna da niyya ruwa ya shigo min ɗaki."

Kafin Magariba ruwa na gudu a kwatar. Inna kuwa tana kan bencinmu, tana nuna mana inda muka bari.