Fuskata a cikin zanen ɓeraye

Ina shiga ɗakinmu a unguwar Fereej Abdel Aziz, nan ƙasar Larabawa, na tarar da fuskata jingine da bango.

Zane ne na fentin mai, aikin Agus, ɗan Indonesiya da muke gadi tare a wani kamfani. Wasu ƙattan ɓeraye ne cikin kwat, sun zagaye teburi suna cin shinkafa hannu baka hannu ƙwarya, ga mai gadi tsaye a bakin ƙofa. Mai gadin ni ne, har tsagar kumatuna ya zana.

Ashe shi ya sa kwanan nan yake ƙare mini kallo a wurin aiki. Idan hoton nan ya shiga waya ya isa ga kafil, uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, zai ɗauka da shi ake, kuma wa zai yarda ba da bakina aka yi ba? Jirgi kawai za a sa ni a mayar da ni gida.

Na ce, "Agus, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Manyan ƙasarmu ne. Mu da fenti muke zaginsu."

"To ni me ya kai ni ciki?"

"Ɗan'uwa, duba da kyau. Kai kaɗai ne mutum a wurin."

Raina ya yi sanyi, har na kusa ba shi haƙuri. Da na matso sai na lura mai gadin ya kau da kai gefe, kuma makullin ɗakin abincin yana hannunsa. Na tambaye shi ma'anar wannan, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da wanke burushinsa.

Na dai tsaya a kansa sai da ya shafe tsagar, ya ƙara gemu. Amma makullin yana nan.

Jama'a, yabona mutumin nan ya yi, ko har da ni a zagin?